Mai Neman Mafaka: A Bar Ta Ta Yi Sana'a, Ko Ta Zauna Jira?

A makon jiya na yi muku alkawarin zancen ajiyar wake don kada ƙwari su ci, amma ku yi mini gafara, wake ya dakata tukuna. Wata takarda ce ta iso mini daga wata 'yar makaranta, mutuniyar Karakkai ta ƙasar Bunguɗu, wadda yanzu take zaune wurin kawunta a Gusau tana karatu. Ta roƙe ni kada in buga sunanta, na kuwa yarda. Tun ran da na karanta takardar nan take yi mini yawo a rai, gama na san abin da ta tambaya yana damun gidaje da yawa daga Tsafe har Shinkafi.

Ga abin da ta ce a taƙaice. Tana da goggo wadda aka kai aure wajen Shinkafi. A 2019 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyensu, mijin ya rasu, ita kuwa ta kwashi 'ya'yanta huɗu ta bi ayarin masu gudu, suka ƙetare iyaka zuwa ƙasar Maraɗi. Goggon nan ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma yau tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, har da sallar bara ta aiko wa tsohuwarsu da turmin atamfa. Akwai kuma ɗan wan babanta, wanda ya yi karatu mai zurfi, aka sayar da gona aka haɗa masa guzuri ya tafi Ingila, ya nemi mafaka a can. Ga shi an fi shekara, ko kwabo bai aiko ba. In an yi waya sai ya ce doka ce ta hana shi aiki. Uwarsa ba ta yarda ba, kullum kuka take yi wai ɗanta ya ga daɗin Turai ya manta da ita, kishiyoyi kuma suna yi mata habaici a bakin murhu. Yarinyar ta ce, ƙaƙa za a yi gwauruwar da ba ta yi boko ba ta sami abin yi a ƙasar talakawa, mai digiri ya rasa a ƙasar masu arziki? Ko dai ƙarya yake yi?

To, 'yata, fara gaya wa uwar nan ta share hawayenta. Abin da ɗanta ya faɗa haka dokar Ingila take. Amma ki tsaya ki ji yadda abin yake tun daga tushe, don in kin je bayani a gida kada a ture ki da gardama.

Sai mu raba zare da abawa. Mu a bakinmu duk wanda tsoro ya kora daga gidansa ɗan gudun hijira ne, amma a wurin hukuma mutanen nan iri uku ne. Akwai wadda ta bar ƙauyensu ta koma Gusau ko Bunguɗu ko Tsafe, ba ta fita daga Nijeriya ba. Ita 'yar ƙasa ce, tsarin mulkinmu na 1999 ya ba ta ikon zama inda duk ta so cikin ƙasar, ba kuwa wanda za ta nemi izininsa kafin ta ɗora kaskon ƙosai. Akwai wadda ta ƙetare iyaka, gwamnatin can ta duba lamarinta ta ce ta karɓe ta. Wannan ita ce 'yar gudun hijira a takarda. Sa'an nan akwai ta tsakiya, watau wadda ta ƙetare, ta kai kukanta, amma ba a ce mata i ko a'a ba tukuna. Ita ake kira mai neman mafaka, ita ce kuma zancenmu na yau. Zamanta kamar na matar da miji ya yi tafiya ya bar ta ba saki ba ciyarwa: ba ta da aure, ba ta da damar yin wani.

Asalin dokar da duniya ke bi a kan wannan al'amari an yi ta ne a Janeba, ƙasar Suwizalan, ran 28 ga Yuli 1951, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bar miliyoyin Turawa ba gida ba gari. A cikinta an ce wanda aka karɓa, yake zaune bisa ƙa'ida, a bar shi ya yi aikin albashi kamar yadda ake barin baƙin da aka fi girmamawa a ƙasar. Har an ƙara da cewa in ya cika shekara 3, ko yana auren 'yar ƙasar, ko yana da ɗa ɗan ƙasar, to, a ɗauke masa shingen da akan sa wa baƙi don kare aikin 'yan gida. Madalla. Amma fa masu rubutun ba su fayyace ranar da mai jiran hukunci zai fara aiki ba. Ta wannan kafa ce kowace ƙasa ta yanka wa kanta irin rigar da take so.

Mu a Afirka shugabanninmu sun yi tasu yarjejeniya a Adis Ababa ran 10 ga Satumba 1969, kuma ni a ganina ta fi ta Turawa sanin halin talaka. Ta Janeba tana son mutum ya nuna shi kansa ake nema, don addininsa ko ƙabilarsa ko ra'ayinsa na siyasa da makamantansu. To, ina matar da aka ƙone wa rumbu da tsakar dare za ta sami shaidar cewa ita aka nufa? Ta Adis Ababa ta ce wanda rikici mai tsanani ya tashe shi daga ƙasarsa, shi ma ɗan gudun hijira ne, ko da ba a san sunansa ba sa'ad da aka zo harin. Ku riƙe wannan, gama shi ne ya taimaki goggon yarinyarmu.

Tun daga watannin farko na 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka riƙa kwarara zuwa jihar Maraɗi, yawancinsu mata da yara, daga wajen Sabon Birni da Isa da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta ce kafin ƙarshen Satumba na shekaran nan sun haura 40,000. A watan Afrilu na 2020 kaɗai wasu 23,000 suka sake ƙetarawa, jimla ta wuce 60,000. Ba sansani suka tarar ba. Ƙauyukan ƙasar Gidan Rumji ne suka buɗe musu zaure da ɗaki, wani gida mai mutum goma ya wayi gari da talatin, tukunya ɗaya. Sai a watan Yuli 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da hukunci cewa ta karɓe su a jimlace, ba sai an zaunar da kowace mace an yi mata tambayoyi ɗaya bayan ɗaya ba. Dokar ƙasar ta 1997 kuwa ta yarda wa wanda aka karɓa ya nemi abincinsa.

Ku lura da kyau. Waɗanda suka fara isa sun yi fiye da shekara kafin hukuncin nan ya fito. A ido irin na hukuma, duk tsawon lokacin nan masu jira ne. Amma wa ya taɓa jin an je an kife wa mace tukunyar awara a ƙauyen Gidan Rumji don takardarta ba ta fito ba? Harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya tun kaka da kakanni. Wadda ta iya kitso ta shimfiɗa tabarma, wadda ta iya surfe ta ari turmi, maza suka shiga ƙodago a gonakin masu masaukinsu.

Ba na mamakin Maraɗawa a kan wannan, don garinsu ma gudu ne ya raya shi. 'Yan makaranta, ku buɗe littafinku na tarihi. Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunanta na da suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri, nan kusa da ita. Mutanen da kakanninsu suka iso da ƙunshin kaya a ka ba sa buƙatar a koya musu yadda ake karɓar baƙo.

Daga baya hukuma ta ga zama a bakin iyaka da hatsari, tun da maharan ba su san wata iyaka ba, yarjejeniyar 1969 ma ta ce a zaunar da masu gudu nesa da ita gwargwado. Aka zaɓi ƙauyuka uku, Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori, aka yi wa baƙin matsuguni a gefensu. Dabarar ita ce famfon ruwa da makaranta da ɗakin shan magani da kasuwa su zama na kowa, baƙo da ɗan gari, don kada hassada ta shiga tsakani. A Garin Kaka matan Nijeriya da matan gari suka haɗa ƙungiya suna matsar man gyaɗa tare suna sayarwa. Kada dai ku ɗauka aljanna ce. Ƙasar Maraɗi ta cika da jama'a, gona ta yi wa 'yan gari kansu kaɗan balle baƙo, abincin agaji yana zuwa yana yankewa, satar mutane kuma ta bi su har Madarunfa da Gidan Rumji. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 har Maris 2024, duk mai ɗan ciniki ta ji a jikinta. Amma duk da haka macen da ta sayar da kwalbar mai biyu ta sayo gishiri da sabulu da kuɗinta, ba ta yi layi ba, daren nan barcinta dabam ne.

Yanzu mu tafi Ingila wurin mai digiri. A da can mai neman mafaka yakan sami izinin aiki in ya yi wata 6 yana jira. A 2002 aka soke wannan. A 2005 aka kawo ƙa'idar wata 12, watau sai mutum ya shekara cur ba a yanke masa hukunci ba, kuma jinkirin ba laifinsa ba ne, kāna ya rubuta ya roƙi izini. In an ba shi ma, tun daga 2010 ba kowane aiki zai yi ba, sai wanda ke cikin wani jerin ayyuka da gwamnati ta tsara. Ba a yarda ya buɗe sana'ar kansa ba. Ku ji fa, ko ɗinkin hula goggon nan ta so yi a can ta sayar, doka ba ta bar ta ba! A maimakon haka gwamnati kan ba shi wurin kwana inda ta ga dama, da kuɗin abinci. A 2024 kuɗin nan fam 49 da 'yan kai ne a mako ga wanda ke dafa wa kansa, wanda kuwa aka ajiye a masaukin da ake ba shi abinci bai kai fam 9 ba. In kun juya shi zuwa naira za ku ce da yawa. A can kuwa kuɗin mota na kwana biyu ko uku ya isa ya cinye na biyun.

In ya saci jiki ya yi aiki a ɓoye fa? Tun 2016 wannan laifi ne da kan kai mutum kurkuku, a kuma ƙwace abin da ya samu. Wanda ya ɗauke shi aikin, daga Fabrairu 2024, ana iya cinsa tara har fam 45,000 a karon farko saboda mutum ɗaya. Saboda haka mai gaskiya ba ya ɗaukarsu, sai macuci, wanda zai ba su rabin lada, wata rana ma ya hana, ya san ba su da bakin kai ƙara. Ke uwa da kike matsa wa ɗanki a waya ya aiko da kuɗin taki, ki san inda kike tura shi.

Sauran ƙasashen Turawa kowa da tasa. A Amurka, yadda ƙa'ida take a 2024, sai an yi kwana 180 kafin takardar aiki ta fito. Ƙungiyar Tarayyar Turai a 2013 ta ce kada jiran ya wuce wata 9, a 2024 ta rage zuwa wata 6. A nan Afirka kuwa Yuganda, wadda ba ta fi mu arziki ba, tun dokarta ta 2006 take barin 'yan gudun hijira su yi aiki su yi yawo, har tana yanka musu ɗan fili su noma, ga shi kuwa ta ɗauki fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi. Dokokin nan sukan sauya kamar farashin tumatir, don haka duk mai ɗan'uwa a waje ta ce masa ya tambayi lauyansa abin da ake ciki a wannan wata.

Don me masu arziki ke hana mutum cin guminsa? Kada mu yi musu rashin adalci, suna da hujjarsu. Suna cewa in aka bar kowa ya kama aiki ran da ya sauka, to, masu neman kuɗi kawai za su riƙa fakewa da neman mafaka, a rasa gane mai gudun mutuwa da mai gudun talauci. Suna kuma cewa talakansu zai rasa aiki, ko lada ya faɗi. Maganar farko tana da ƙamshin gaskiya, gama mu ma mun san dillalan da ke bi gida gida suna koya wa samari labarin da za su faɗa in sun isa. Amma maganin wannan ai shi ne a yi hukunci da sauri, mai gaskiya ya zauna, maƙaryaci ya koma. A ajiye ƙato lafiyayye shekara biyu yana kallon bango, ana ciyar da shi da harajin mutane, ana kuma zaginsa wai ya zo cin banza, wannan ni ban ga hikimarsa ba. Kamar ki ɗaure akuya ne ki hana ta kiwo, sa'an nan ki riƙa ƙorafin tsadar dusa.

Bari in ba ku labarin wani mutumin Bama, ƙasar nan da kakanninmu suka je yaƙi zamanin Hitila. Ya isa Ayalan, maƙwabciyar Ingila, a 2008 ya nemi mafaka. A lokacin dokar Ayalan ta hana mai jira aiki sam, ko shekara nawa zai yi. Aka sa shi a gidan da gwamnati ke tara irinsu, ana ba shi yuro 19 da 'yan kai a mako. A 2013 aka yi masa tayin aiki a cikin gidan nan da yake zaune, ya nemi izini, aka hana. Sai ya kai ƙara, yana cewa zaman banza ya cinye masa lafiya da mutunci. Shekara 8 ya yi yana jira kafin a karɓe shi. A watan Mayu 2017 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce hani irin wannan, wanda ba shi da ranar ƙarewa, ya saɓa wa tsarin mulkinsu, domin aiki yana cikin mutuncin ɗan Adam, baƙo ne shi ko ɗan gari. A 2018 Ayalan ta buɗe ƙofa bayan wata 9, a 2021 ta rage zuwa 6. Mutum ɗaya ne fa.

Akwai kuma abin da masana suka gano a Jamus, wanda ya fi ba ni tsoro. A shekarar 2000 wani hukuncin kotu ya sa aka rage jiran aiki zuwa wata 12. Sai ya zama mutanen tsohuwar Yugoslabiya da suka zo a 1999 sun yi jiran da ya ɗara na waɗanda suka zo a 2000 da kamar wata 7. Mutane iri ɗaya, daga wuri ɗaya. Bayan shekara 5 aka ƙirga, aka tarar cikin 100 na waɗanda suka yi gajeren jira 49 suna da aiki, na masu dogon jira kuwa 29 kaɗai. Sai da aka yi wajen shekara 10 kafin su kamo 'yan'uwansu. Wannan ba zai ba uwargida mamaki ba. Wadda ta bar saƙa shekara biyu ta san yadda hannu ke mutuwa, zuciya ma haka.

Mu Musulmi ai muna da abin koyi tun kafin Janeba. Sa'ad da Sahabbai suka yi hijira daga Makka zuwa Madina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin baƙi da 'yan gari. Aka haɗa Abdurrahman ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Rabi'u. Sa'adu ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi godiya, ya sa masa albarka, ya roƙi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ya tafi ya yi ciniki, ya komo da ɗan cuku da man shanu na riba, ba a daɗe ba ya yi aure da sadakinsa, daga baya ya zama cikin manyan attajiran Madina. Mutanen Madina ba su ce ya dakata sai an shekara ba.

To, 'yan'uwa, mun zagaya duniya, sai mu komo gida, gama a nan ne nake da magana da ku. Matan da suka gudo daga ƙauyukan Bunguɗu da Tsafe da Maru suka cika kangaye da gine-ginen da ba a gama ba a Gusau, na ce muku ba sa buƙatar izinin kowa. Haka ne a takarda. Amma ku gaya mini gaskiya, ba mu da namu shingen? Mace ta zo unguwa, ta iya daddawa fiye da kowa, ba ta da tukunya, ba ta da kuɗin kalwa, ba wadda za ta tsaya mata a ba ta bashi. Ta nemi shiga adashi a ce ba a san asalinta ba. Ta kafa teburin awara a bakin lungu, matar da ta riga ta a wurin ta aiko yara su kore ta. Ƙarshenta sai bara a bakin masallaci da tasha, ita da ba ta taɓa miƙa hannu ba, mai rumbu uku a garinsu. 'Yarta kuma, wadda ya kamata tana aji, tana bin motoci da roba a hannu har bayan magariba, kun kuwa san abin da ke biyo bayan wannan.

Akwai wani hali da na gani da idona, ban kuwa ji daɗinsa ba. Wata uwargida mai rufin asiri ta sa wata baƙuwa wankau tun hantsi har la'asar, kayan gida guda, sa'an nan ta sallame ta da ɗumamen tuwo da tsohon zane, tana ta faɗa wa maƙwabta wai ta taimaki 'yar gudun hijira. Da 'yar gari ce ta yi wankin nan ai da an yi ciniki tun kafin a jiƙa kaya. Wannan da abin da macutan Ingila ke yi wa 'ya'yanmu, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kuma ku masu wankau da surfe na gari da kuke kukan baƙi sun karya muku farashi, kukanku gaskiya ne, amma ku dubi mai biyan, ita ce ta ga yunwa ta yi arha da ita. In kowace uwargida ta biya ladan da aka saba, baƙuwa ba za ta zama kishiyar kowa ba.

Ba na ce kowa ta buɗe baitulmali ba, na san yadda gari yake. Amma kwanon tuwon da kike aikawa kullum, in kin tara na mako biyu ai ya sayi tiyar gyaɗa ko ta waken suya. Ki ba ta a matsayin jari, ki ara mata kasko da turmi, ki ce wa uwar adashi ke kin tsaya mata. In ta fara, ki saya a wurinta, ki biya a take, kada ki ce ai taku ce. Na san wata a Tudun Wada da ta yi wa baƙuwarta haka da kuɗin tiya biyu, yau baƙuwar ce ke ba unguwar duka ƙuli, har ta mai da 'ya'yanta biyu makaranta. Ba kowace za ta yi nasara haka ba, wata za ta ci jarin don yaro ya kwanta ciwo. Ko da haka, ba ki yi asarar da ta fi ta tuwon ba.

Ku kuma 'yan makaranta, kuna da aikin da ya fi ƙarfin iyayenku, watau karatun takarda. In kuna da 'yar'uwa a hayin iyaka, ku tambaye ta ko an rubuta sunanta da na kowane yaro a wurin hukuma, ko jaririn da ta haifa a can an yi masa takardar haihuwa. Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairu 2025, saboda haka kada a dogara da sabo na da, katin nan da aka ba ta shi ne shaidarta. Ta sa shi cikin leda ta ɗinke bakin, ta ajiye inda in an ce a tashi da dare hannunta zai fara kaiwa. Ku ma takardunku na makaranta haka, ku ɗauki hotonsu a waya ku aika wa wani ɗan'uwa a wani gari. In kuma kun ji ana shawarar sayar da gona don a tura yayanku Turai ya nemi mafaka, wai cikin wata uku zai fara aiko da kuɗi, ku ɗauko jaridar nan ku karanta wa babanku abin da na faɗa a kan wata 12, cikin ladabi, bayan ya ci abinci.

Ke kuma 'yata ta Karakkai, ga saƙon da za ki kai. Tun da ɗan'uwanki ya haura shekara yana jira, ki ce masa ya tambayi lauyansa ko lokacin roƙon izinin aiki ya yi, da irin ayyukan da aka yarda masa, kada ya zauna yana zaton za a kawo masa har ɗaki. Kafin nan doka ba ta hana shi aikin sa kai na taimakon jama'a ba, wanda ba a biya, ya yi don hannunsa ya saba, ya kuma san mutane. Uwarsa kuwa, in ya kira ran Juma'a, ta tambaye shi ko yana cin abinci, ko yana da rigar sanyi, ta bar zancen kuɗin taki sai wani jiƙon. Goggonki ki gaishe ta, ki tambayar mini ita nawa suke sayar da kwalbar man gyaɗa a can, da yadda suke raba riba a ƙungiyarsu, ki rubuto mini in buga, gama akwai mata a Tsafe da suka ce suna son su gwada irinta.

Zancen wake sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wadda ta riga ta sussuke nata ta shanya shi sosai kafin nan.